Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan insha'in muhawara

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce jarrabawar WAEC ta matso, kuma duk insha'in muhawarar da kika rubuta a darasin Turanci sai malaminku ya ce ba ki da matsaya. Na daɗe ina koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, kuma wannan ciwon na san shi.

Yawanci kara ce ke cutar da yaranmu. An raine mu a kan kada mu ja da magana, to idan aka ce makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, sai yaro ya yabi wannan, ya yabi waccan, ya rufe da cewa kowacce da amfaninta. Ai wannan sasanci ya yi. Mai duba takarda so yake tun a sakin layin farko ya san ɓangaren da kika ɗauka, kuma ki riƙe shi har ƙarshe ko da a ranki ba ki yarda da shi ba.

Hujja uku sun ishe ki. Na taɓa samun wata ɗaliba mai ƙoƙari da ta jero hujja takwas, kowacce layi ɗaya, ta zo tana mamakin makin da na ba ta. Ba ta buɗe ko ɗaya ba. Idan kin ce 'yar kwana ta fi samun lokacin karatu, to nuna mana: 'yar jeka-ka-dawo tana komawa gida ga ɗebo ruwa, ga wanke-wanke, ga rainon ƙanne, wata ma har da talla, ita kuwa waccan tana aji wurin karatun dare. Yanzu ne hujjar ta tsaya da ƙafarta.

Inda ake gane gwani shi ne wajen hujjar abokin hamayya. Kada ki zaɓi mai rauni. A wannan batu mafi nauyi ita ce tsaro, domin babu iyayen da suka manta ɗaliban makarantar kwana da aka sace a Chibok a 2014, ko Ƙanƙara a 2020, ko Jangebe a 2021. Ki kawo ta da kanki, ki yarda tsoron yana da dalili, sannan ki ce maganinsa katanga ce da jami'an tsaro, kuma mai zuwa daga gida ma kullum tana kan hanya.

Game da maki, hamsin ne: 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Shi ya sa nake hana ɗalibaina aron manyan kalmomin da ba su san yadda ake rubuta su ba. Kalma 450 ake so, cikin kusan minti 50, ki ware biyar na farko ki tsara hujjojinki a gefe.

Sai ki karanta tambayar da kyau. In an ce muhawara ce a gaban jama'a, ki fara da gaida shugaba, alƙalai, mai kula da lokaci da abokan muhawara, a taƙaice. In maƙala ce za a buga a mujalla, babu gaisuwa, take za ki sa da sunanki.

Ki gwada wannan batun na makarantar kwana a daren yau da agogo a gabanki, gobe ki kai wa malamin naku.