Idan Murjani Ya Yi Fari, Ya Mutu Ke Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ga hotunan murjani a ƙarƙashin teku ya yi fari fat, ana cewa zafi ne ya kashe shi. Ni a sanina murjani dutse ne da ake yin abin wuya da shi. To dutse yana mutuwa ne? Sannan wannan abu mai kama da fure da ƙananan kifaye ke ɓuya a cikinsa, tsiro ne ko mene ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka sani a matsayin murjani ƙashi ne, mai ƙashin kuwa dabba ce. Jan murjanin ado akasari daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, kuma nau'i ɗaya ne kawai cikin dubbai.

Da za ka kusanci reshen murjani mai rai da daddare, da fitila a hannu, za ka ga ko'ina a jikinsa 'yan ƙananan bakuna ne, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, kowane baki zagaye da siraran hannuwa suna lilo a ruwa. Kowane baki halitta guda ce. A jikin hannuwan akwai ƙwayoyin dafi da take harbin ƙananan halittun ruwa da su, ta ja su zuwa baki. Tana tsotsar sinadarin kalsiyam daga ruwan teku ta gina wa kanta mazauni mai tauri, idan ta mutu 'ya'yanta su ɗora gini a kan nata. Aiki ne na haƙuri. Mai rassa kan ƙaru da kamar santimita 10 a shekara, dunƙulallen kuwa da ƙyar yake wuce santimita 2. A haka aka samu babbar ganuwar murjani ta gabar Ostareliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300.

Wancan mai kama da fure, masana na kiransa anemoni, ni kuwa furen teku nake ce masa. Shi ma dabba ne, ɗan'uwan murjani na jini, sai dai shi ba ya gina ƙashi, kuma yawanci shi kaɗai yake zama, manne da dutse ko binne a yashi. Nau'insa ya haura 1,000, amma kusan 10 ne kacal ke ba wa kifin nan mai launin lemo da fararen ratsi masauki. Kifin yana da majina a jiki da ke kare shi daga dafin, shi kuma yana korar kifayen da ke son gutsurar hannuwan mai masaukinsa. Har wata ƙaguwa ma akwai da ke ɗora furen teku a kan kwanson da take fakewa a ciki, ta riƙa yawo da shi kamar mai gadi.

Yanzu ga maganar farin. A cikin naman murjanin da ke ruwa marar zurfi akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ce ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci, ta ba murjanin mafi yawan abin da yake rayuwa a kai, har kusan kashi 90 cikin 100 a wasu nau'o'in, kuma galibin launinsa daga gare ta yake. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba gani a lokacin bazara da digiri 1 kawai na ma'aunin Salshiyos, ya kuma daɗe haka na makonni, sai zaman ya lalace, murjanin ya fitar da gansakukar. Naman ya zama garai-garai, farin ƙashin ya bayyana. A wannan lokaci yana da rai, yunwa ce ke cinsa. In ruwan ya huce da wuri, gansakukar kan dawo ya farfaɗo. In zafin ya zarce, sai ya mutu, ciyawar ruwa ta lulluɓe shi. Furen teku ma da ke ɗauke da irin wannan gansakuka yakan yi fari ya ƙanƙance, kifin da ke cikinsa ya rage yin ƙwai.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda abin ke maimaituwa kusa da kusa. Ganuwar Ostareliya ta yi fari a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Murjanin da ya fi saurin girma ma yana buƙatar shekara 10 ko fiye kafin ya mayar da abin da ya rasa. Marar lafiyar da bai gama warkewa ba wata cutar ta sake kwantar da shi, yaushe zai miƙe? Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya yi hasashen cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 na ganuwar murjani, idan ta kai digiri 2 kuwa kusan duka. Ka tuna kuma wannan wuri bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun abinci ko mafaka, kuma shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Mafi yawan nau'o'in masu gina ganuwa, wajen 600, suna tekun da ke tsakanin Indunusiya, Malesiya, Filifin da maƙwabtansu.

Zafi ba shi kaɗai ba ne. Akwai laka da takin zamani da ƙazantar birane da koguna ke kwararowa da su, akwai masu kamun kifi da nakiya ko guba, akwai masu ɓantarowa su sayar. Waɗannan su ne mutanen gaɓa ke da iko a kansu tun yau, kuma a ganina nan ya kamata a fi zage damtse, domin murjanin da ke ruwa mai tsabta ya fi saurin tashi bayan fari. Ana kuma renon guntayen murjani a kan igiyoyi da ƙarafuna a dasa su, aiki ne mai kyau, amma filin da yake iya rufewa kaɗan ne in aka kwatanta da ɓarnar, kuma wanda aka dasa shi ma zafin bai ƙyale shi ba muddin ba a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba.

Kariyar da na fi yarda da ita ita ce barin masu cin ciyawar ruwa su yi aikinsu. A 1983 zuwa 1984 wata annoba ta kashe mafi yawan bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wadda ke cin ciyawar ruwa, a tekun Karebiyan. Da yake an riga an kame kifayen da ke cin ciyawar ruwa, sai ciyawar ta mamaye murjanin gaɓar Jamaika, jariransa suka rasa dutsen da za su manne. Shi ya sa ƙasar Beliz ta haramta kama kifin nan mai baki kamar na aku tun 2009, wanda yake yini yana kankare duwatsu, yana share wa murjani wurin zama.