Judo ba karate ba ne: ga inda suka rabu

Malam, ka ce duk wanda ka gaya wa kana koyon judo sai ya tambaye ka ko kana fasa bulo da hannu, kuma kana neman yadda za ka fahimtar da su. Ruɗanin ya samo asali ne daga farar riga da ɗamara, waɗanda suka yi kama a idon mai kallo.

Karate daga tsibirin Okinawa ya fito, naushi da shuri ne ginshiƙinsa. Taekwondo na Koriya ne, ƙafa ce ke yin yawancin aikin. Judo kuwa Jigoro Kano ya kafa shi a Tokiyo a 1882, kuma a gasa ba a dukan abokin karawa ko kaɗan. Riƙe riga ake yi, a kayar, a danne, ko a shaƙe, ko a murɗe gwiwar hannu har ya miƙa wuya. Kayar da mutum a kan bayansa da ƙarfi da sauri shi ne ippon, wasa ya ƙare. Danne shi daƙiƙa 20 ma ippon ne.

Nuni ya fi dogon bayani tasiri. Sai dai kada ka fara da jifa, wato kayar da mutum, fara da faɗuwa, wato ukemi: haɓa a manne da ƙirji, a bugi tabarma da hannu gaba ɗayansa. Sabon ɗalibi yakan tokare ƙasa da tafin hannu, nan ne wuyan hannu ko kafaɗa ke samun rauni. Sannan ka nuna musu yadda ake fara karkatar da nauyin mutum kafin a shiga jifa. Wanda ya tsallake wannan, ƙarfi kawai zai yi ta zubarwa, abokinsa na tsaye daram.