Tambaya da Amsa: Tukunyar Ado Daga Matattun Kayan Rediyo

TAMBAYA: Ni mai gyaran rediyo da waya ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Matattun fanel, wato allunan cikin rediyo da waya da ake jera ƙananan kayan lantarki a kansu, sun cika mini kwali. Na manna su a jikin gwangwani da sufa-gulu don in yi tukunyar ado, ba a jima ba suka ɓaɓɓalle. Ina gyaran yake?

AMSA: Malam, laifin na gam ɗin ne da gwangwanin. Sufa-gulu idan ya bushe tsagewa yake yi, shi kuwa ƙarfe yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin asuba, sai mannin ya saki. Ka koma kan busasshiyar ƙwarya mai kauri, ka yi ɗinki irin na gyartai.

Ware fanel ɗin tukuna. Masu ruwan ƙasa na tsofaffin rediyo takarda ce da aka matse da gam, da ka lanƙwasa sai su karye. Korayen na waya da kwamfuta zaren gilashi ne, sun fi ƙwari. Yanka su ƙanana, kada su wuce faɗin yatsu biyu, don babban yanki ba ya kwanciya a kan ƙwarya. Jiƙa wurin yankan da ruwa, ka rufe hanci, ƙurar tana cin maƙogwaro. Huda kusurwa huɗu, ka ɗinke da jan ƙarfen da ka warware daga koyil ɗin matacciyar fanka, ƙullin yana ciki. Ka bar tazarar rabin yatsa tsakanin huda da huda, in ba haka ba ƙwaryar za ta tsage ta bi layi. Ƙananan kaya na cike gurbi su ne za ka manna da Araldite, gam mai zuwa a bututu biyu: haɗa na bututu biyun daidai wa daida, ka bar shi ya kwana.

Kada ka ƙona wayar lantarki don ciro jan ƙarfe, hayaƙin robar guba ne. Fere ta da reza. Batirin waya da gilashin tsohuwar talabijin ka bar su. Darmar da ke jikin tsofaffin fanel kuwa ba abin wasa ba ce, gubar darma daga haƙar zinare ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Don Allah kada a zuba fura, goro ko dabino a cikin tukunyar, ko da ka shafe ta da banish sau biyu. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, kuma ka gaya wa mai saye ya ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.