Tambayi Tanti: wane kaya zan ce tela ya ɗinka mini na motsa jiki da ciki?

Salamu alaikum Tanti, ina wuni ina aiki. Ni ina Yamai unguwar Yantala, cikina wata biyar ne kuma na fari. Kafin in samu ciki kullum da safe ni da maƙwabciyata muke zuwa filin wasa na Seyni Kountché mu zaga, to da na je awo sajfam, wato ungozomar asibiti, ta ce kar in daina, in ci gaba da tahiya, amma wallahi Tanti kaya ne matsalata, jogin ɗina robarshi ta hau matse mini mara in na sauke ta ƙasa kuma ya dinga zamewa, riga ta ɗage gaba sai dai hijabi ya rufa asiri. In na ɗaura zane ƙafa ba ta buɗuwa ga zufa. Na ga na Turawa a Facebook amma kuɗin sun yi yawa kuma duk ɗamammu ne, maigida ba zai ma bari in fita da su ba. Ina da tela. Mi zan ce mishi ya ɗinka mini wanda zai yi mini har lokacin goyo?

Daga ɗiyarki a Yantala

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya raba lafiya. Sajfam ɗinki ta yi gaskiya, hukumar lafiya ta duniya ma abin da ta ce kenan a 2020, mai ciki da ba ta da wata matsala ta samu minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar, kuma tafiyar nan taki ta wadatar. Ma'auninta shi ne kina tafiya kina iya hira da maƙwabciyar taki, in numfashi ya hana ki magana to kin yi sauri, rage.

Kayan Turawan nan kar su ba ki sha'awa da yawa. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ga mai ciki dama jikinta ya fi na kowa ɗaukar zafi. Dabarar ɗinkinsu za ki ara ki bar musu matsin.

Babban kuskuren teloli shi ne su ɗora mita su auna ki yau su yanka daidai jikin yau. A wata biyar mahaifa tana wajen cibiya ne, daga nan kuma tsayin cikin nan da sajfam ke aunawa da mita yana ƙaruwa kusan santimita 1 kowane sati har wajen sati 36, to kin ga kayan da aka yanka cif yau wata ɗaya zai yi miki ki jefar. Ki gaya mishi da bakinki cewa na wata tara yake ɗinkawa, kuma bayan haihuwa kina so ki iya tsuke shi.

Wando shi ne mai aiki. Ya yanke gaban wandon ya yi ƙasa zagaye kamar bakin ƙwarya, ƙarƙashin ciki, sai ya ɗora wani faffaɗan ƙyalle mai talewa, irin yadin tishat mai ɗan roba a ciki, faɗinshi wajen santimita 25 ninki biyu, wanda zai hau ya rufe cikin gaba ɗaya har ƙasan ƙirji. Shi wannan ƙyallen ke riƙe wando, babu siririyar robar da za ta yanke ki a mara. In bai samu yadin ba ki je Wadata ko Katako wajen masu gwanjo ki sayi babbar tishat mai kyau a yanka, ya fi araha ma. Ta baya ya sa roba mai faɗi, sannan ya zura zariya a gefe biyu yadda za ki sassauta ko ki ja. Bayan haihuwa sai ki naɗe ƙyallen ƙasa ya zama ɗamara. Ya sa hantsa isasshiya yadda taki zai buɗu, ƙafar wandon sakakkiya amma ta tsuke kaɗan a idon sawu, don tsohon ciki ba ki ganin ƙafarki kuma wando mai jan ƙasa shi ke kada mutum. Ɗinkin cikin cinya a kwantar da shi a bi ta kai, in ba haka ba zufa da gugar cinya sai sun saluɓe miki fata, wannan mata ba sa son faɗa amma kowa ta sani.

Riga ta kai gwiwa, gabanta ya fi baya tsawo da kamar santimita 10 tunda ciki zai cinye tsawon, da tsaga a gefe da 'yar tattara ƙarƙashin ƙirji. Tun yanzu ya yi mata ƙofar shayarwa, wato gaban ya zama falle biyu, na sama ya sauko ya rufe na ƙasa, in yaro ya yi kuka ki ɗaga na sama kawai. Ni na fi son wannan da zif, zif yana karce fuskar jinjiri kuma ƙurar hunturu na cije shi. Kar ya sa maɓalli ko ado ko zif a baya ko kaɗan, nan ne kumatun yaro za su kwanta in kin goya. Aljihu kuma a gefen cinya na salula da makulli, in aka sa shi a gaba ciki zai danne shi.

Yadi, auduga marar nauyi mai launi mai haske. Auduga tana shan zufa ta jiƙe, a ƙasar sanyi wannan aibi ne amma a busasshiyar iskarmu nan da nan take bushewa tana sanyaya jiki. Da damina ne take ɗan nauyi. Yadin leda mai ƙyalli da ba ya shan iska ki bar shi a shago komai kyanshi. Hijabi ɗan madaidaici iya ƙugu, dogon nan har ƙasa yana riƙe zafi kuma in kabu-kabu za ki hau kin san abin da tayar babur ke yi da shi.

Rigar mama da takalmi kam ba aikin tela ba ne, saya za ki yi, rigar mama marar ƙarfe mai faffaɗan hannu, takalmi kuma basket, wato kambas, da ya ɗara ƙafarki kaɗan tunda ƙafa na kumbura kuma gaɓoɓi na saki a lokacin ciki, silifas ba ya riƙe ki. Ki fita bayan asuba kafin rana ta yi, da gorar ruwa. In kin ga jini ko ruwa ya zubo, ko jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, mara na murɗawa akai-akai ko bayan ƙwaurin ƙafa ɗaya ya kumbura yana ciwo, ki tsaya nan take ki wuce likita.

Tanti barka da aiki. Ni daga Tawa, an yi mini aiki aka ciro yaro yau sati uku, so nake in fara fita ina zagayawa da shi a baya don tumbi ya koma, uwar mijina ta ce in ɗaure ciki tamau da zane. Ya kika gani?

Barka da arziki, Allah ya raya. Ki yi haƙuri tukuna ɗiyata, sati uku ɗanye ne. Zagayen tsakar gida a hankali yana da kyau, amma doguwar tafiya da goyo ki jira sati shida ki koma likita su duba wurin su ba ki izini. Ɗauri mai sauƙi da ke tallafe ciki ba laifi in likita ya yarda, tamau ɗin ne ban so, ba ya narkar da tumbi kuma yana danne wurin ɗinki ya tara zufa. Ki faɗa ma inna da ladabi cewa likita ya hana, ko ki tafi da ita ranar da za a duba ki ta ji da kunnenta. Wandon da na kwatanta a sama zai yi miki in kin bar ƙyallen a sama ba ki naɗe ba, don kar wani ɗinki ko roba ya zauna kan tabon. In lokacin goyon ya yi, jinjirin da wuyanshi bai tsaya ba zane ya tallafe mishi ƙeya, majanyi a ƙasa, fuska a juye gefe hanci a buɗe, kuma kar ki lulluɓe shi ruf da hijabi don ƙura ko sanyi, ki sa mishi hula ki jira iska ta lafa.