Sabis ya cika amma gem na sarƙewa: daga ina za a fara?

Tambayar da ka yi mini kan mai gidan gem ɗin nan na unguwar Badariya a nan Birnin Kebbi ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na ce ka bari in zauna in rubuta maka. Ka ce ya sayi sabuwar rauta mai 4G, wato na'urar da ke kama sabis ta raba wa shago intanet, ya loda mata data mai yawa, sandunan sabis sun cika, gwajin gudu ya nuna megabit 40 a sakan, amma da yaransa sun shiga buga ƙwallo da mutanen waje sai ɗan wasa ya riƙa jan ƙafa, wani lokacin ma a jefo su waje ana tsakiyar wasa. Kana tambaya ko a canza rautar, ko a wanke PS4 ɗin a sake zuba mata komai. To ɗana, kada ka yi ko ɗaya tukuna. Ba ka san inda ciwon yake ba, kuma wanda ya fara canza kaya kafin ya gwada, kuɗin kwastoma kawai yake ƙonawa.

Fara cire wannan megabit 40 daga ranka. Gem ba ya cin data yadda mutane ke zato. Awa guda ana buga ƙwallo ba ta kai cin ɗan gajeren bidiyo mai kyau ba. Abin da yake aikawa ƙananan saƙonni ne, na danna nan, na juya can, amma yana son kowanne ya je ya dawo nan take. Tirela tana ɗaukar buhu 600 na shinkafa daga nan zuwa Legas, amma in wasiƙa ɗaya ce za a kai a dawo da amsa, girman bodin motar bai rage maka tsawon hanya ba. Gwajin gudu girman bodin yake aunawa. Lokacin zuwa da dawowa shi ne ping, ana lissafa shi da milisakan, wato sakan ɗaya a raba shi gida 1,000, shi ne ms ɗin da kake gani a gefen allo. Gem mai nuna hoto 60 a sakan yana canza hoto duk bayan kusan ms 17, ka ga ke nan mai ping 150 ya makara da hoto tara kafin bugunsa ya je ya dawo. A wasan ƙwallo hoto tara ya isa a ƙwace maka ƙwallo.

Akwai kason wannan jinkiri da babu mai gyara shi, kuma gara ka san shi don kada ka yi wa mutum alkawarin da Allah bai ba ka iko a kai ba. Haske a cikin kebul na faiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a kowane milisakan. Yawancin manyan gem uwar garkensu, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, tana Turai ne, ko Gabas ta Tsakiya, ko Afirka ta Kudu. Saƙon da ya tashi daga Birnin Kebbi sai ya gangara Legas, can ne kebul na ƙarƙashin teku suke fitowa. MainOne, wanda ya fara aiki a 2010, tsawonsa kusan kilomita 7,000 ne daga Legas zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa ms 70 ke nan. Glo-1 kuwa kilomita 9,800 ne zuwa Ingila, kusan ms 100. Ba a sa tafiyar nan zuwa Legas ba, ba a sa abin da 4G ke ƙarawa tsakanin rauta da turken sabis na kamfanin layi ba. Don haka in ka ga 120 ko 140 zuwa Turai daga garin nan, lafiya lau ne. Yaron da ya kalli wani ɗan Jamus a YouTube yana wasa da ping 15 ya zo ya ce ka mai da masa nasa haka, ka gaya masa uwar garken a bayan gidan wancan take.

Amma kukan mutumin Badariya ba wannan ba ne. Ping 130 da ya tsaya wuri ɗaya hannu yana sabawa da shi. Abin da ke kashe wasa shi ne tsalle: yanzu 90, an jima 600, ya dawo 100, sannan wasu saƙonnin su ɓace a hanya gaba ɗaya. Shi ne za ka ga ɗan wasa ya daskare, sai kuma ya ɓullo a wani wuri. Wannan kuwa yana da magani, in ka bi hanyar gaɓa-gaɓa.

Gwajin farko ba ya buƙatar intanet ma. Zare komai, ka sa a buga da kwamfutar gem ɗin, ba da mutanen waje ba. In a nan ma hoto yana yankewa, to ka bar kamfanin layi ya huta, injin ne. Ka san zafinmu na Maris da Afrilu, ya wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Saurari PS4 ɗin: in tana ƙugi kamar za ta tashi sama, buɗe ta, ka busa ƙurar, ka duba man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ko ya bushe. A waya abin ya fi muni. Yaro yana buga Free Fire ko Call of Duty, waya na jone da caji, tana cikin kauri-kaurin roba, ta yi zafi kamar dutsen guga. Ita da kanta za ta rage gudun ƙwaƙwalwarta don kada ta ƙone. Shi kuwa sai ya ce netwok ne. Cire robar, zare cajin, rage kyan hoto a saitin gem, ka ga ko ba ta warware ba.

In inji lafiyarsa ƙalau, ɗauko laftof. Haɗa ta da wayifai ɗin shagon, ka zauna daidai inda PS4 take, ba kusa da rauta ba. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta laftof, ka rubuta ipconfig, ka duba lambar da ke gaban Default Gateway, wato adireshin rautar, galibi 192.168.0.1 ce, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1. Sai ka rubuta ping, ka sa lambar, ka ƙara -t a ƙarshe, ka bar shi yana zuba na wasu mintuna. Nan saƙo bai fita daga ɗakin ba, tsakaninka da rauta ne kawai, saboda haka bai kamata ya wuce 'yan milisakan kaɗan ba. In ka ga 2, 3, 2, sai 180, sai Request timed out, ka kama ɓarawon tun bai fita gida ba.

Kuma sau da yawa nan yake. Wayifai na 2.4 GHz cunkushe yake: rautar maƙwabci, hotsfot ɗin kowane yaro da ya shigo, har fad ɗin da suke riƙe da shi, Bluetooth ɗinsa a wannan zangon yake magana. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Na 5 GHz ya fi sarari amma ba ya son bango. Ka kuma duba irin PS4 ɗin, domin ta farkon nan mai kauri 2.4 kaɗai take ji. Slim da Pro ne suke da 5. Ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba ga injin da ke zaune wuri ɗaya shekara da shekaru. Ja masa kebul na Cat6 daga rauta, in injinan sun fi ramukan rautar yawa ka sa ƙaramin suwic, na'urar ƙara ramukan kebul, a tsakani. Da kebul za ka ga ms 1 ko ƙasa da haka, ba ya motsi. Ka dai matse kawunan da kyau ka gwada su da testa, kada ka bar kebul a ƙasa inda ƙafar benci za ta taka shi.

Cikin gida ya yi tsaf? To fita waje: ping 8.8.8.8 -t, adireshin wata uwar garke ce a intanet. A nan ina son ka yi abu ɗaya da yawancin masu gyara ba sa yi. Bar shi yana gudu, ka ce wa wani ya ɗora bidiyo a WhatsApp ko TikTok da wayifai ɗin shagon, kai kuma idonka na kan lambobin. In suka tashi daga 50 zuwa 700 har sai bidiyon ya gama hawa, ka gano ciwon. Hanyar ɗorawa a 4G ta fi ta saukewa ƙunci sosai. Da ta cika sai rauta ta jera saƙonni a layi, ɗan saƙon gem ya tsaya a bayan bidiyon biki. Shiga shafin rautar ka ƙirga na'urorin da ke jone. A gidan gem kada ka yi mamaki in ka tarar da wayoyin da mai shagon bai san masu su ba, don lambar sirri in ta shiga hannun yaro ɗaya ta shiga unguwa. Canza ta. In rautar tana da QoS, saitin da ke ba wata na'ura fifiko, ka fifita injinan gem, ka taƙaita sauran. Duba kuma ko wata PS4 tana sauke sabuntawa a ɓoye yayin da ake wasa a ta kusa da ita. Mafi sauƙi ma, layin gem daban, layin masu waya daban.

In babu kowa a kai amma lambobi na tsalle, saura tsakanin rauta da turke. Sandunan sabis ba su da amana. Ƙarfin sigina suke nunawa, ba tsabtarsa ba, ba kuma yawan mutanen da ke kan turken ba. A shafin rautar nemi RSRP, ma'aunin ƙarfin sigina, da SINR, ma'aunin tsabtarsa. RSRP wajen -80 yana da kyau ƙwarai, in ya gangara ƙasa da -110 ya raunana. SINR kuwa in ya kai 20 ka gode wa Allah, in yana kusa da sifili hayaniya ta rinjayi magana. Shagunanmu rufin kwano ne da ƙofar ƙarfe, sai kuma a cusa rauta bayan talabijin. Ɗauke ta ka zagaya da ita, taga, saman bango, kana kallon lambobin nan biyu. Wani lokacin taku uku ne tsakanin wahala da sauƙi. In bai isa ba, a kafa eriya a waje ta fuskanci turke. Sannan ka tambaye shi yaushe abin ya fi tsanani. In ya ce da hantsi lafiya, bayan isha'i ne yake lalacewa, to turken ne ya cika da jama'a, kuma sabuwar rauta ba za ta rage su ba. Sa layin wani kamfani a daidai wannan lokacin ka kwatanta. Ba ni da kamfanin da nake rantsuwa da shi. Wanda ya yi kyau a Gesse yana iya zama abin tausayi a Bayan Kara.

Ƙin shiga gaba ɗaya, ko jefo mutum waje, wani babi ne, kuma a nan ka fara da abubuwan da ake raina wa. Data ta ƙare? An rufe layin saboda NIN? Kwanan wata da agogon injin daidai suke? In ƙaramin batirin CR2032 na cikin PS4 ya mutu agogo yana rikicewa, kuma na'urar da kwanan watanta ya kauce ba ta samun shiga amintattun shafuka. Gem na saye irin EA Sports FC yana buƙatar PlayStation Plus kafin a buga da mutanen waje, ka duba ko nasa ya ƙare. Kuma ka lura ko yankewar tana zuwa ne daidai lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta: rauta ta mutu na sakan biyu, amma sai ta ɗauki minti kafin ta sake kama sabis, wasa kuwa ya tafi. Ƙaramin UPS na rauta, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ya kashe wannan magana. Wani lokacin kuma laifin ba na kowa ba ne a nan. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodibuwa, intanet ya rikice a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Irin wannan rana, kafin ka kwance ko da noti ɗaya, kira abokan sana'a a Jega ko Argungu ka ji ko su ma haka ne.

Sai NAT, yadda rauta ke haɗa na'urorin cikin gida da waje ta adireshi ɗaya, wanda zai ba ka ciwon kai in ba ka fahimce shi ba. Yi gwajin intanet a saitin PS4, za ta nuna maka nau'i na 1, ko 2, ko 3. Na 2 shi ake so a bayan rauta. Na 3 yana hana injin haɗuwa kai tsaye da na wani, sai a yi ta neman abokin wasa ba a samu, ko murya ta ƙi fita. Kunna UPnP a rauta, saitin da ke barin inji ya buɗe wa kansa ƙofa, ka kuma tabbatar ba rauta biyu aka jera ɗaya bayan ɗaya ba. In bai canza ba, duba adireshin da kamfani ya ba rautar ta waje. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin ya tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma duk ƙofar da ka buɗe a rautarka akwai wata a gaba da makullinta ba ya hannunka. Kada ka kwana a kai. Sai dai a nemi adireshi na kai daga kamfanin in suna bayarwa, ko a canza hanya.

Za su ce maka a sa DNS na 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 ping ya sauka. DNS shi ke nemo wa inji adireshin uwar garke, yana taimakawa in injin ya kasa gano ta tun farko, amma da wasa ya fara aikinsa ya ƙare. Manhajojin da ake tallatawa wai suna ƙara gudun gem, yawancinsu talla ce da cin batir. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, zance ne na gaske, don taurarinsa suna kusan kilomita 550 ne a sama, ba 36,000 irin na tsofaffin tauraron da ping ɗinsu ke kai 600 ba. Amma yana son sarari ba bishiya, ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi, kuma kuɗinsa sai mai shago ya yi lissafin abin da benci ke kawowa a wata.

Gobe in Allah ya kai mu ka je masa bayan magariba, lokacin da shagon ya cika, ba da safe ba. Ɗauki laftof, da kebul mai tsawo, da testa, da layi biyu na wasu kamfanoni daga cikin durowa. Duk gwajin da ka yi ka rubuta lambobinsa da lokacinsa a takarda, ka nuna masa da idonsa kafin ka faɗi kuɗin aiki. In ka ga abin da bai shiga cikin waɗannan ba, kada ka taɓa saitin da ba ka sani ba, ɗauki hoton allon ka turo mini.