Amsa ga mai son ɗora gidansa na daji a kan sola

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka gina ɗan gida mai ɗaki biyu can nesa da gari, inda layin wuta bai kai ba, kana shirin sayen farantin sola huɗu masu wat 300 da batir biyu masu bolt 12 da 200Ah, kana son sanin ko za su ɗauki firji da fanka da fitilu da famfon ruwa, su kuma riƙe ka in wani abu ya faru hanya ta yanke. Shekarata bakwai a irin wannan gida, kuma da kusan irin kayan nan na fara.

Farantanka sun isa, batiranka ne ba su isa ba. Akwai kuma ɓarawo a cikin gida da ba ka sa shi a lissafi ba.

Ɗauko takarda da biro mu yi tare. Kwan fitila shida masu wat 7, awa biyar a dare, in ka ninka yawansu da wat da awa, wat-awa 210 ke nan. Fanka biyu masu wat 50, awa takwas, 800. Ƙaramin firji mu ba shi 800 a yini, waya da kwamfuta 150. Sun kama 1,960. Nan mafi yawanmu muke ajiye biro, nan kuma muke faɗawa rami, domin inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta kayan gida, ita ma tana cin wuta ko babu abin da aka kunna. Ita ce ɓarawon. Tawa ta farko wat 30 take sha a zaune. Ka ninka da awa 24, ka ga 720, kusan cin firji guda. Jimilla ta koma 2,680, ba a ma zo kan famfo ba.

To batir fa? Biyun nan a takarda, in ka ninka bolt 12 da 200Ah sau biyu, wat-awa 4,800 ne. Amma in masu dalma ne, wato na ruwa ko na jel, ba a son a riƙa zuƙe su fiye da rabi. Abin da ke hannunka 2,400 ne, bai kai cin yini ɗaya ba. Muddin rana na fitowa ba za ka gane ba, domin faranti na ciyar da gida da rana, batir ya ɗauki dare kawai. Ranar da hadari ya rufe sama kwana biyu, uku, ranar asiri ke tonuwa.

Ni nawa ya tonu ne a dare na uku na wani ruwa da ya ƙi ɗaukewa. Wajen ƙarfe uku inbata ta fara kuka, ƙi-ƙi-ƙi, ba tsayawa. Na tashi da tocila a baki na duba mita, batiran da na jera su ba da bolt 24 sun sauko 23. A cike, in sun huta, wajen 25.4 suke nunawa, rabi kuma 24.3 ko kusa da haka. Na kashe firji na koma na kwanta ina gumi. Abin haushin, ban ɗauki darasi ba, na ci gaba da matse su haka har suka mutu kafin su cika shekara ɗaya da rabi. Batir mai dalma in ya daɗe ba a cika shi ba, wani farin gishiri ke daskarewa a farantan cikinsa, daga nan sai ka ga ya cika da wuri ya kuma ƙare da wuri. Laifin nawa ne, ba na batir ba.

Yanzu na lithiyom nake amfani da shi, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4. Kana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa kullum, ya yi maka zagayen cika da ƙarewa dubbai, ba zuba ruwa, ba hayaƙi. In aljihu zai ɗauka, shi zan ce ka saya, ko da za ka rage faranti ɗaya. Sharaɗinsa guda, ba a cajinsa in sanyi ya kai na ƙanƙara, ƙasa da digiri sifili, don haka in wurinka na yin irin wannan sanyin, a cikin ɗaki za ka ajiye shi. Batir mai ruwa kuwa iskar haidurojin yake fitarwa lokacin caji, wurin da iska ke ratsawa yake so, nesa da wuta.

Kan faranti ba zan daɗe ba. Wat 300 da ke rubuce a bayansa an auna shi ne a cikakkiyar rana, faranti na digiri 25. A kan rufi ya fi haka zafi sosai, kuma zafi na rage masa ƙarfi. Ni nakan ɗauki awa huɗu na rana mai ƙarfi, in cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, sai farantanka su ba da kusan 3,600 a yini. Ranar hadari mai duhu, in ka samu rubu'in wannan ka gode wa Allah. Su fuskanci kudu in kana arewacin ikwaita, arewa in kana kudancinta. Ka bar sarari tsakaninsu da rufi don iska. Ka kuma yi hankali da inuwa. Wani reshe da bai kai kaurin hannuna ba ya yi wata biyu yana cinye mini wutar yamma, ina ta zargin kwantirola, na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, alhali inuwa ce, domin farantan da aka jera a layi ɗaya, in inuwa ta taɓa guda, duk sai su ja baya. Kwantirola kuma ka nemi irin wadda ake rubuta wa MPPT, ta fi mai PWM tatso wuta. Wajen haɗawa batir ake fara jona mata, sannan faranti.

Abin da ya fi ba ni tsoro a shekarun nan wayar wuta ce. Kayan wat 1,000 a bolt 12 suna jan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, sama da 80, a bolt 48 kuwa wajen 21. Siririyar waya ko noti da bai ɗauru ba zafi suke yi. Wata safiya na ji warin roba, na taɓa kan batir sai da na yarfe hannu, rigar wayar ta narke ta yi baƙi. Noti ɗaya ne ya saki. Tun ranar akwai fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, dab da kan batir, kuma duk wata nakan bi notuna da sifana.

Famfo kada ka ɗora wa batir da dare. Ka kunna shi da tsakar rana, batir ya cika wuta na zubewa a banza, ka tura ruwa tanki a sama. Ruwan da ke sama ba ya neman inbata kafin ya sauko. Famfo da firji kuma suna fizgar wuta ninkin ba ninki a daƙiƙar tashi, saboda haka inbatarka ta kasance mai tsabtatacciyar wuta irin ta layin wutar gari, mai ƙarfin ɗaukar wannan fizgar.

Maganar shirin ko-ta-kwana, ba a fafe gora ranar tafiya. In komai na gidan ta inbata ɗaya yake bi, ranar da ta ƙone kana duhu alhali batir a cike yake. Shi ya sa na ja layi dabam kai tsaye daga batir, mai fitila uku da wurin cajin waya da rediyo. Da dare, in ba don firji ba, inbata kashe ta nake yi. Ina ajiye fis na sauyi, da ƙaramar kwantirola, da mita. Ina da ƙaramin janareta don cika batir in hadari ya zarce, a waje yake aiki nesa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Sau biyu a shekara kuma nakan cire faranti da gangan in ga kwana nawa gidan zai yi. Gwajin farko awa 30 na samu, ni da nake cika baki da kwana uku.

Kafin ka biya kuɗin komai, leƙa bayan firjinka da jikin famfon, ka turo mana lambobin da ke rubuce, da wat nawa inbatar da kake so take ci a zaune. Da su za mu san girman batirin da zai kai ka kwana biyu ba rana.