Keto: tambayoyinku kan barin tuwo, shayin rage ƙiba da masu ciwon suga

Wata matar aure daga Tudun Wada ta rubuto: "Ƙawata ta bar tuwo da shinkafa, sai ƙwai da nama da man shanu. Cikin kwana goma ta sauke kilo huɗu. Ta yaya za a ci maiƙo kuma a rame? In bi sahunta?"

Hajiya, abin da ƙawarki ke yi shi ake kira keto, wato barin sitaci da sukari a dogara da maiƙo. Sikeli bai yi mata ƙarya ba, amma akasarin abin da ya sauka ruwa ne, ba kitse ba. Tuwo, shinkafa, fura, burodi, dankali, rogo, duk sitaci ne, kuma da sun shiga ciki sukari suke komawa. Jiki yana ƙona wanda yake buƙata, ya adana saura a hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500 a jikin baligi. Kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Idan aka yanke sitaci, ajiyar takan ƙare cikin 'yan kwanaki, ruwan da ta riƙe ya bi fitsari. Kilo biyu ko fiye sun tafi ke nan tun ba a taɓa tumbi ba. Ranar da ta koma wa tuwo kuwa, ruwan zai dawo mazauninsa.

Bayan ajiyar ta ƙare ne ainihin keto ke farawa, galibi tsakanin kwana biyu zuwa huɗu. Sinadarin insulin, mai sauke sukarin jini, ya ragu, sai hanta ta shiga narka kitse tana samar da wani makamashi da ake kira kiton, wanda ƙwaƙwalwa da tsoka ke iya aiki da shi a madadin sukari. Kiton yana danne yunwa, nama da ƙwai kuma suna daɗewa a ciki, sai mutum ya rage ci ba tare da ya lura ba. Ragin cin nan shi ne ke sauke kitse. Wadda ta dinga kwankwaɗar man shanu da sunan keto har ta ci fiye da buƙatar jikinta ba za ta rame ba, ko da kiton ya cika mata jini.

Sharaɗin kuwa mai tsauri ne: sitaci da sukarin wuni guda kada su wuce giram 20 zuwa 50, kuma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin abincin ya fito daga maiƙo. Ki auna da abin da ke kicin ɗinki. Dafaffiyar shinkafa giram 100, wadda ba ta cika ƙaramin kofi ba, tana da giram 28. Malmalar tuwo ɗaya ta cinye kason wuni har ta wuce. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana da kusan giram 37. Ayaba ɗaya ta haura 20.

Asalin tsarin ma ba don ƙiba aka fito da shi ba. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi don masu farfaɗiya, kuma har yau ana ɗora yaran da magani bai tsayar musu da ciwon ba a kansa, ƙarƙashin kulawar asibiti. A fannin rage ƙiba yana da saurin nuna sakamako a watannin farko, amma binciken da ya bi mutane shekara guda ko fiye ya nuna tazararsa da tsarin rage maiƙo ba ta wuce kusan kilo ɗaya ba. Yawancin mutane sukan gaji su saki, musamman a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa wa kowa. In lafiyarki ƙalau, ba ciki, ba goyo, ba maganin da kike sha kullum, za ki iya gwadawa na wata biyu zuwa uku. Mu dai a ganinmu, wadda ta bar lemon kwalba da sukarin shayi, ta mayar da malmala biyu ɗaya, ta ninka miyar ganye, ita ce za a tarar tana kan tsarinta baɗi war haka.

Wani ɗalibi daga Samaru: "Ana tallata mana kofin keto, shayin keto da ƙwayoyi a WhatsApp, wai ba sai an bar abinci ba. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari. Wanne zan saya?"

Malam, riƙe kuɗinka. Ƙwayoyin da ke ɗauke da kiton suna ɗaga shi a jini na 'yan sa'o'i, amma wanda ka haɗiya ne, ba wanda hantarka ta narko daga kitsenka ba, don haka tumbi na nan inda yake. Kofin keto kofi ne da aka zuba wa mai, sau da yawa irin wanda ake tacewa daga kwakwa, kuma in ya yi yawa zawo yake sa wa. Shayin rage ƙiba da dama suna ɗauke da dangin filasko: a kwana ana zarya banɗaki, sikeli ya sauka saboda ruwan jiki ya zube, a ce magani ya ci. Mafi muni, a ƙasashe da yawa an sha kama kayan rage ƙiba da aka ɓoye sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC kada ya shiga bakinka. Wanda ke da lambar ma, ka karanta ƙananan rubutun jikin kwalin. A kan magungunan gargajiya da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba.

Tsinken fitsarin shi kaɗai ne ke da ɗan amfani. Ana tsoma shi a fitsari, in akwai kiton sai ya rine zuwa ruwan hoda ko shunayya. A makonnin farko yana nuna ko an shiga yanayin, daga baya launin kan dishe saboda jiki ya koyi ƙona kiton ɗin maimakon zubar da shi. Duhun launi ba ya nufin kitse na narkewa da sauri, wani lokaci ƙarancin shan ruwa ne kawai. Zafi da laima suna lalata tsinken, sai a riƙa rufe kwalbar da kyau. Mai lafiya zai iya yin tsarin ba tare da shi ba.

Daga Gyallesu: "Mahaifina yana da ciwon suga da hawan jini, yana shan glibenclamide da metformin. An ce keto na warkar da suga, har ya fara barin tuwon dare."

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mana da hankali, kuma muna roƙon ku kai Baba wurin likitansa a makon nan, kafin ya ƙara rage ko loma ɗaya. Gaskiya ne rage sitaci na sauke sukarin jini, wasu masu ciwon suga nau'i na biyu har a rage musu magani. Matsalar ita ce glibenclamide ba ruwansa da ko an ci tuwo ko ba a ci ba, zai ci gaba da matsa wa jiki ya fitar da insulin. An sha ƙwaya, ba a ci sitaci ba, sai sukari ya faɗi warwas, galibi cikin dare ko da asuba. Haka gliclazide, haka allurar insulin. Metformin shi kaɗai bai cika jawo wannan ba.

Ku san alamun: karkarwa, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, magana ba kan gado. In na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 3.9, ko ƙasa da 70 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Ga tsoho mai shan glibenclamide, sukarin kan sake faɗuwa bayan ya tashi, saboda ƙwayar na daɗewa a jiki.

Akwai wani haɗarin na daban. Kiton ɗin mai lafiya a keto yakan tsaya tsakanin 0.5 da 3 a gwajin jini, saboda insulin ɗin jikinsa na taka masa birki. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ba ya samar da insulin, ba shi da wannan birki, kiton na iya taruwa har jini ya yi tsami, abin da ke kisa. Masu shan magungunan suga dapagliflozin ko empagliflozin ma na iya faɗawa cikin wannan hali alhali na'ura na nuna sukari daidai, shi ya sa ba a haɗa su da keto. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, wannan na gaggawa ne.

Hawan jinin ma sai an duba, domin tsarin na zubar da ruwa da gishiri, maganin da ya dace jiya ya yi masa yawa yau, ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi. Ku tafi da duk kwalayen magungunansa, ku nemi a gwada ƙodarsa da kitsen jininsa, kuma a haɗa ku da masanin abinci. Asibitin koyarwa na Shika na da su.

Mai shayarwa daga Hanwa ta tambaya ko za ta fara bayan arba'in. A'a. Nono na jan sukari mai yawa daga jikin uwa, kuma an samu masu shayarwa da jininsu ya yi tsami saboda tsananta barin sitaci. Haka mai ciki, mai ciwon ƙoda ko hanta, mai tsakuwar matsarmama, da yara in ba asibiti ne ya ɗora su ba.

Wani ma'aikaci daga Kongo a Zariya: "Likita ya ce ba laifi in gwada. Me zan sayo a kasuwar Sabon Gari? An ce acha da alkama da wake sun halatta."

Ba su halatta ba. Acha hatsi ce, sitacinta bai yi nisa da na shinkafa ba, alkama ma haka. Dafaffen wake giram 100 yana da kusan giram 20, abinci ne mai kyau amma ba na keto ba. Zuma da dabino sukari ne, don haka kunun aya da aka niƙa da dabino ya fita. Nono kofi ɗaya ba fura ba sukari ya kai giram goma, sai a lissafa shi.

Abin da za ka cika jaka da shi: ƙwai, kifi, kaza, nama, awara, agushi, riɗi, gyaɗa daidai cikin tafin hannu, sai ganye mai yawa, zogale, alayyahu, rama, yakuwa, kabeji, kuɓewa, yalo, kokwamba. Miyar kuka da ta taushe ba kabewa mai yawa duk suna shiga. Tumatir da albasa a sa daidai misali. Masu kewar tuwo sukan markaɗa kabeji, su matse ruwan a tsumma mai tsabta, su tuƙa a wuta kaɗan da ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu na garin psyllium (ɓawon wani iri mai yauƙi da ke haɗa kwaɓi) har ya kama jikinsa. Ba zai yi ɗanɗanon tuwon masara ba, amma yana ɗaukar miya. Tsire da balangu ba laifi. Kilishi kuwa a tambayi mai shi, wasu na sa sukari a labu.

Wajen mai, ka fi karkata ga man gyaɗa, man riɗi da man zaitun. Man shanu, kitsen rago da man kwakwa suna ɗaga mugun kolestorol, a wasu mutane sosai da sosai. Ka yi gwajin kitsen jini kafin ka fara, ka maimaita bayan wata uku, in ya haura ka dakata.

Makon farko za ka ji ciwon kai, kasala, jiri, wataƙila da ɗaurewar jijiyar ƙafa, saboda ruwa da gishirin da ƙoda ke zubarwa. Ka yawaita shan ruwa, ka sha romo mai ɗan gishiri in ba ka da hawan jini. Kada ka fara a tsakiyar zafin Maris da Afrilu ko a farkon azumi. Baki zai yi wani wari kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, kiton ne ke fita ta numfashi, asuwaki na rage shi amma ba ya kawar da shi. Bayan gida kan yi tauri ga wanda ya bar hatsi bai maye gurbinsa da ganye ba, don haka kowane ci ya zama rabin faranti ganye ne. In ka taɓa yin tsakuwar ƙoda ko ciwon gaɓoɓin nan na gawut mai kumbura babban yatsan ƙafa, ka koma ka faɗa wa likitan, domin keto na iya tayar da su duka biyun.